Kujerar Gaba

Baban Biyu direba ne, kuma in aka cire tuƙi daga rayuwarsa, abin da zai rage ba zai cika hirar shan shayi ɗaya ba. Shekara talatin da huɗu ke nan yana riƙe da sitiyari. Bai taɓa kaɗe ko kaza ba, bai kuma taɓa isa ko'ina da wuri ba. Gajere ne mai kauri, mai ƙaramar murya, sai ya ɗora matashi a kan kujera kafin ya hango hanya yadda yake so. Sunan kuwa daga tagwayen mata ya samo shi, waɗanda matarsa ta haifa a shekara ta biyu da aurensu. Daga su ba a ƙara ba. 'Yan matan sun girma, kowace ta kama gabanta, amma sunan ya zauna daram, har a wurin aiki sai an buɗe fayil kafin a tuna ainihin sunansa.

A hannun mutum ɗaya ya koyi aikin. Yana da shekara ashirin ya je wurin wani direban motar haya, dogo, siriri, mai faɗan tsiya, wanda duk tasha ke kira Maigida. Shekara uku ya yi a gefensa. Maigida ba ya koyarwa da baki sosai. In ka sa giya ta yi ƙara, bayan hannu za ka ji a gwiwarka. In ka taka birki har fasinja ya gyaɗa kai, ka ji na biyu. Ranar da ya miƙa masa makulli ya ce, "Je ka, kada ka kunyata ni," ita ce kaɗai ranar da Baban Biyu ya ji wani abu mai kama da yabo daga bakinsa, kuma har yau bai manta da ita ba.

Direbobin wancan zamanin suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta a ko'ina ba. Wanda ya koya maka tuƙi, duk ranar da ya shigo motarka kujerar gaba tasa ce, kuma ba a tambayarsa komai. Ba a miƙa masa hannu don kuɗin mota, ba a ko kallon aljihunsa. Wanda ya kuskura ya karya wannan, sai tasha ta shekara tana ba da labarinsa.

To, ita tashar ma ta zama labari. Hukumar sufurin birni ta kwashe tsofaffin motocin, ta kawo farare masu aiki da lantarki, kujera goma sha huɗu, ba hayaƙi, ba ƙara, ba giya. Kusa da sitiyari akwai allo mai faɗin tafin hannu biyu. Mai son tafiya ya danna wayarsa, wata babbar kwamfuta a can ofis ta tattara masu zuwa gefe ɗaya ta haɗa su a mota ɗaya, ta zana wa direba hanya, ta gaya masa inda zai tsaya da daƙiƙa nawa zai yi a wurin. Abokan aikinsa da yawa sun yi ta tsine wa abin. Baban Biyu bai tsine ba, don gaskiya abin ya yi aiki. An daina zaman awa guda ana jiran mota ta cika, an daina cusa mutum biyar a mazaunin mutum uku, shi kansa ya daina komawa gida da ciwon kai. A sati biyu ya koyi allon, yana danna shi da yatsa ɗaya kamar mai taɓa tukunya a kan wuta.

Tsofaffi ma ba a manta da su ba. Duk wanda ya haura sittin da biyar an ba shi farin kati na shiga kyauta, aka kuma bar wasu 'yan tashoshi da mota ke bi a kan lokaci, ko an kira ta ko ba a kira ba. Abin da ake so kawai, in mutum zai shiga ya manna katin a jikin wata 'yar na'ura da ke bakin ƙofar fasinja, ya riƙe har ta yi ƙara ta nuna kore.

Ɗaya daga cikin tashoshin nan a kan tudu take, a ƙarshen wata siririyar hanya. Benaye huɗu ne masu dusasshen fenti na tsofaffin ma'aikata, da kanti ɗaya, da bencin siminti a ƙarƙashin rumfar kwano. Matasan wurin da ƙafa suke gangarowa su kira mota a babban titi. Tsofaffi ba za su iya ba. Gangaren ya kusa kilomita guda, kuma a tsaye yake, ko mai lafiyar gwiwa sai ya huta a hanya. Sau uku a rana mota ke hawa, kuma duk Baban Biyu ne, don sauran direbobi ba sa son juyin da ake yi a saman. Shi da kansa ya roƙi a bar masa. Dalili kuwa, a nan Maigida yake zaune wurin jikarsa. Ƙodarsa ta gaza, Litinin da Laraba da Juma'a sai ya je asibiti an yi masa wankin ƙoda.

Ƙarfe bakwai da kwata motar za ta tsaya, Baban Biyu ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar gaba. Maigida ya shigo da sandarsa, ya zauna, ya harari allon.

"Motar da ba ta da giya ai kujera ce aka sa wa taya," in ji shi, kusan kullum.

"Haka ne, Maigida."

"Kuma kana shiga kwana da wuri."

"Zan gyara, Maigida."

Baban Biyu fa mutum ne mai furfura da jikoki uku, amma a gaban tsohon nan muryarsa ƙara ƙanƙancewa take yi. Kuma kada a yi zaton wahala yake sha. A duk sati, safiyoyin nan uku su ne ya fi so.

Inda aka samu matsala shi ne lokaci. Kwamfuta ta yanka wa kowace tasha daƙiƙa arba'in. Duk wanda ya tsara haka bai taɓa ganin tsohuwa tana neman kati a jaka ba. Sai ta jingine sanda, ta zuge jakar, ta fito da ledar magani, ta fito da tabarau, ta fito da hoton jika, shi kuwa katin yana can ƙasa cikin wata leda da aka ɗaure da roba. In an samo shi hannu yana rawa, na'urar ta ƙi karɓa. Allon ya koma ja, masu jira a babban titi suna tsaki, ƙarshen wata a nuna wa Baban Biyu jan layi a gaban sunansa. Sai wata safiya ya waiwaya ya ce da wata tsohuwa, "Iya, bar katin nan, shigo kawai. Ai kyauta ne, ba wanda aka cuta." Daga ranar abin ya zama doka a kan tudu. Tsofaffi suka yi ta sa masa albarka, allo ya daina ja, kowa ya huta. A haka aka yi shekara biyu.

Wata Talata aka ce ana nemansa a hawa na bakwai na ofishin hukumar, inda bai taɓa taka ƙafa ba. Ɗaki ne mai sanyi, bango guda duk allo, ga birnin nan a shimfiɗe, ɗigo-ɗigon motoci suna ta yawo a kai. Wadda ta kira shi wata injiniya ce, sa'ar 'ya'yansa, mai tabarau da saurin magana. Ta ba shi kujera, ta nuna masa wani ɗigo mai ruwan toka a can gefen taswirar.

"Baba, tashar kan tudu ce wannan. Ƙarshen wata za a rufe ta. Na ce gara a fara gaya maka, tunda kai ke hawa."

"A rufe? A kan me?"

"Ba mai shiga. Shekara biyu, mutum goma sha ɗaya. Kuma kowane hawa yana cinye wa sauran fasinjoji minti tara."

Baban Biyu har da 'yar dariya, don ya ɗauka kuskure ne mai sauƙin gyara. "'Yata, ko yau da safe mutum shida na ɗauko."

"Sun manna kati?"

Ya girgiza kai.

Injiniya ta cire tabarau ta murza ido. Ba muguwa ba ce, aiki ne ya yi mata yawa. "Baba, ita wannan abar ba ta da ido. Wanda bai manna ba, a wurinta bai shiga ba. Shekara biyu ke nan a lissafinta kana hawa tudu da mota wayam, kana saukowa wayam."

Ya ji kunyar da rabonsa da irinta tun zamanin bayan hannun Maigida. Ya yi mata bayanin jakar tsofaffi da daƙiƙa arba'in, ta saurara har ƙarshe. Ta ce labari ba ya shiga kwamfuta, amma za ta roƙa a ɗaga ƙafa. Bayan kwana uku ta kira shi a waya. An ba da sati huɗu, daga Litinin ta makon sama. In na'urar ta ƙirga shiga ɗari uku a tashar, ta tsira. In ba ta kai ba, ko ita ba ta da ta cewa.

Washegari ya sanar a kan tudu. Tsofaffi suka tono katunansu daga ƙarƙashin katifa da cikin gwangwanin zare, aka gwada, na'urar ta nuna wa kowa ja. Ashe katin da ya shekara ba a taɓa shi ba mutuwa yake yi. Injiniya ta sake shiga ta fita, ta turo wani ma'aikaci da 'yar kwamfutarsa ya wuni a bakin kanti yana sabunta su. Ranar Laraba ce, Maigida yana asibiti.

Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ake kira Gwaggo Nas ita ta ɗauki ragamar. Mace ce da ta saba a ji maganarta. Ta ɗinka wa kowa 'yar jakar rataya a wuya don kada a tsaya lalube, tun kafin mota ta iso ta jera su a layi. Masu zuwa kasuwa sau ɗaya a sati suka raba sayayyar gida uku. Wani tsohon tela ya riƙa sauka sau biyu a rana, ba abin da yake yi a ƙasa sai kallon motoci. Baban Biyu kuwa ya juyo a kujerarsa yana bin su ɗaya-ɗaya, "Baba, kati. Iya, kati." Allonsa ya koma ja, bai ko kalle shi ba.

Ya tambayi kowa, ban da mutum ɗaya. Na'urar a ƙofar fasinja take, ta gefe; ƙofar gaba ba ta da komai. Maigida zai shigo ta inda ya saba, ya zauna, yana kallon masu mannawa ta madubi, bai taɓa cewa uffan a kan maganar ba.

Matar Baban Biyu ce ta fara tono zancen, da yammacin ranar farko, tana guge masa rigar aiki.

"Ka tambayi Maigida nasa?"

"Nasa ya mutu. Ranar da aka sabunta yana asibiti."

"Shi ya gaya maka?"

"Ba sai ya gaya min ba."

"Sau uku fa a sati, Baban Biyu. Goma sha biyu ke nan. Kai da kake ƙirga har tsohon tela."

"Ke ba ki san tasha ba. Ba a tambayar wanda ya koya maka."

"Wace tashar? Wadda aka mayar wurin ajiye kekuna?" Ta juya rigar. "Kuma ba wani abu za ka karɓa a hannunsa ba. Roba ce zai manna a jikin ƙofa."

"Tambaya dai tambaya ce."

"Mutum ya yi shekara uku yana dukan gwiwarka bai ji nauyinka ba, kai kalma ɗaya ta gagare ka. To, Allah ya ba da sa'a."

Ya gwada sau ɗaya, a yi masa adalci. Juma'ar sati na biyu ce, suna tsaye a danja. Ya gyara murya ya ce, "Maigida, wannan maganar ta kati..."

Tsohon ya juyo a hankali. "Ina jin ka." Hannunsa ya tashi ya tsaya daidai aljihun ƙirjinsa.

Baban Biyu ya dubi hannun. Ya rame, duk tabon allura, ga filasta a gwiwar hannun. Hannun da ya miƙa masa makulli ke nan.

"Tana wahalar da tsofaffi," ya ƙarasa.

"Uhm," in ji Maigida. Ya sauke hannun. "Danja ta ba ka hannu."

Ƙarshen sati na uku Injiniya ta turo masa saƙo: ɗari biyu da ashirin da tara. Sun ɗan haura inda ake so su kai. Ya nuna wa matarsa, ya ce ta gani, ba sai an ci mutuncin kowa ba. Ta ce ta gani.

Ranar Lahadi ruwa ya sauko, ya yi kwana huɗu bai ɗauke ba. Ba irin mai ƙarfin nan ba ne, yayyafi ne mai naci da sanyi, irin wanda ke shiga ƙashi. Tsoho ba ya fita a cikinsa sai dole. Gwaggo Nas ta fito da lema da mutum biyu uku da ta tsoratar, tsohon tela ya kamu da mura ya kwanta. Maigida kaɗai ne bai fasa ko sau ɗaya ba, tunda ciwon ƙoda bai san ruwa ba. Ranar Alhamis Baban Biyu ya yi lissafi a zuciyarsa, ya ga ko ya tambaya yanzu, shiga ɗaya ce ta rage wa tsohon. Bai tambaya ba.

Ranar Juma'a da yamma Injiniya da kanta ta sauko gareji ta same shi yana goge gilashi.

"Ɗari biyu da casa'in da ɗaya, Baba. Saura tara. Na roƙa, sun ce in aka ɗaga wa wannan sai an ɗaga wa tashoshi goma sha bakwai." Ta gyara tabarau. "Ba wanda ya shiga bai manna ba?"

"Akwai mutum ɗaya."

"Sau nawa?"

"Goma sha biyu."

Ta dube shi. Ta ce Allah ya huta gajiya, ta koma sama.

Ranar Asabar ma'aikata biyu suka hau tudu suka kwance allon tashar. Bencin suka bari, don siminti ne. Aka manna takarda a bangon kanti cewa tasha mafi kusa tana gindin tudu, gaban kantin magani. Gwaggo Nas ta karanta wa jama'a da ƙarfi, ta cire jakar wuyanta ta cusa a aljihu. Ba wanda ya zagi Baban Biyu. Da sun zage shi ma da ya fi jin sauƙi.

Litinin da safe allon bai nuna masa hawa ba. Layin ya miƙe sambal a babban titi, kuma gaskiya ne, tafiyar ta ragu da minti tara. Da ya tsaya gaban kantin magani sai ya hango Maigida zaune a kan dakalin kantin, sanda a tsakanin gwiwoyi, ƙafar wandonsa duk taɓo, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Jikarsa tun asuba take fita aiki, ba mai riƙe shi. Tun shida da rabi ya baro gida.

Baban Biyu ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar gaba.

Tsohon ya miƙe da ƙyar. Ya zo daidai ƙofar, ya wuce ta, ya tsaya a bayan wata mata mai jakar ofis. Da layi ya zo kansa ya sa yatsu biyu a aljihun ƙirji ya zaro farin kati, ya manna, ya riƙe. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna kore. Ya dafa kujeru ya shige ciki, ya zauna a layi na uku kusa da taga.

"Maigida," in ji Baban Biyu, yana kallonsa ta madubi, "ga kujerarka."

"Nan ma kujera ce."

"Ashe katin yana aiki?"

"Jikata ta kai shi ofis tun kafin ku fara ƙirgar. Kullum yana nan." Ya dafa aljihun. Ya huta, ya ja numfashi. Ba faɗa a muryarsa, kuma shi ne abin da ya fi ciwo. "Na ga kana tambayar kowa. Na ce in na fito da shi ba ka tambaya ba, kamar na ce kujerar da kake ba ni ta fara yi maka nauyi. Sai na jira."

Matar nan mai jakar ofis ta duba agogonta.

"Ja mota," in ji Maigida. "Allonka ya yi ja."

Baban Biyu ya miƙa hannu ya jawo ƙofar gaba ya rufe. Ya gyara matashinsa, ya duba madubi, ya hau titi. Kwanar titi shida ce tsakanin gindin tudu da ƙofar asibiti, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce masa ya shiga da wuri.